Fentin ƙananan tankokin yaƙi: a daina gaggawa, a daina cika tsatsa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Dan Allah ka ɗan ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi magana kan wani aikin hannu da na tsunduma ciki kusan shekara guda kenan, wato haɗa ƙananan tankokin yaƙi na roba da yi musu fenti. Wasu in sun gani sai su ce ai wasan yara ne, ni kuwa wallahi ban taɓa yin abin da ya koya min haƙuri kamarsa ba, shi ya sa nake so masu sha'awar farawa su ji inda na yi tuntuɓe.

Ga wanda bai sani ba, tankar tana zuwa ne a kwali gunduwa-gunduwa, kai za ka yanka ka goge ka manna da gam. Girman da aka fi yayi shi ne 1/35, ma'ana ainihin tankar ta ninka taka sau 35, kuma kamfanin Tamiya na Japan ne ya yaɗa wannan ma'aunin tun shekarun 1960. Sherman ta Amurka da tsawonta ya kusa mita 6 sai ta dawo kamar santimita 17 a tafin hannunka. Akwai 1/72 ma, amma ni ban ba sabon shiga shawarar ya fara da ita ba, ƙanƙantarta sai ta wahalar da ido.

Toh haɗawa ba ita ce matsalar ba, fenti ne. Tankata ta farko T-34 ce ta Tarayyar Sobiyet, na tsoma buroshi kai tsaye cikin kwalba na lafta mata kore mai kauri don ina so in ga ta rufe a shafa ɗaya, da ta bushe duk ƙananan kusoshi da layin walda da aka zana a jikin robar sun nutse, ga sawun buroshi ko'ina, abin ya dame ni sosai don na ɓata kwanaki wajen haɗa ta. Daga baya na gane ashe sai an wanke robar da ruwan sabulu saboda maiƙon da ke jikinta, a sa firaima, wato shafen farko da ke sa fenti ya kama jikin robar, a bari ta kwana, sannan a tsinka fentin ya yi ruwa-ruwa a shafa sau biyu ko uku, kowace shafa a jira ta bushe. Shafar farko za ta yi muni, za ka ga roba na leƙowa, kar ka damu, ta uku ce ke gyara komai. Fentin akirilik irin na Vallejo ya fi sauƙi ga mai koyo don ruwa ma na tsinka shi kuma ba ya da wari, shi kuwa na mai irin Humbrol sai da tina kuma yana daɗewa bai bushe ba, in za ka yi aiki da shi ka buɗe taga. Batun injin feshi kuma a bar shi tukuna, buroshi mai kyau guda uku sun isa.

Launi ma ba a zaɓarsa da ka. Jamusawa sun yi ta shafa wa tankokinsu toka-toka mai duhu har farkon 1943, daga nan suka koma rawaya mai duhu ana ɗora mata kore da ja-ja mai kama da ƙasa, kuma sau da yawa sojojin ne da kansu ke wannan zanen a filin daga, shi ya sa ba ka samun biyu iri ɗaya. Ni dai na ce mai farawa ya ɗauki Sherman ko T-34, launi ɗaya ne kore, ya koyi hannu a kai.

Sitika kuwa, wato ta lambobi da tambarin da ake manna wa jikin tankar, a shafa banish mai ƙyalli kafin a manna ta, in ba haka ba iska za ta maƙale a ƙarƙashi gefenta ya riƙa fari-fari.

Amma abin da ya fi ci min rai, wanda a gaskiya shi ya sa na ɗauki alƙalami, shi ne yadda ake cika wa tanka tsatsa. Kowa ya koyi dabarar dangwala soso a fenti mai duhu don nuna inda fenti ya ɓantare, sai ya bi jikin tankar kaf, ya zuba ruwan tsatsa har tana kama da wadda aka yasar a juji shekara 40. Haba! Wannan tankar fa mutane ne ke kwana a cikinta, rayuwarsu na kanta, suna goge ta suna sa mata mai, da yawansu ma a Yaƙin Duniya na Biyu ba su yi tsawon ran da za su ruɓe haka ba. Ka nemo hoton ainihin tankar ka zauna ka kalle shi da kyau, za ka ga ƙura da laka ne suka fi yawa, a ƙasa wajen tayoyi da sarƙa, gogewar fenti kuma tana bakin ƙofar da ake shiga da fita ne da inda takalmi ke takawa. Sarƙar tankar da ke tafiya kullum ma inda take taɓa ƙasa sheƙi yake yi. Abin da nake yi yanzu, in tsinka fenti na mai, mai launin ƙasa-ƙasa, sosai da tina, in ɗiga da bakin siririn buroshi a lungu da gefen kusoshi ya bi da kansa, in goge rarar, sannan in rufe da banish marar ƙyalli, kuma ko a nan sai na ajiye ta ta kwana in sake dubawa da safe kafin in ƙara komai.

Roƙona Malam Edita, ko sau ɗaya a wata ne a ware ɗan shafi na irin waɗannan ayyukan hannu, masu yi su turo hotuna a gani a gyara wa juna. In an buɗe, zan turo hoton T-34 ɗin nan ta farko tare da Sherman da na gama kwanan nan a ajiye su gefe da gefe.

Na gode, Allah Ya ƙara basira.

Naku,
Mai karanta jaridarku a kullum