A Dawo da Haruffa Masu Kauri a Allunan Talla

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ni mai rubutun allo ne a Birnin Kebbi. Da buroshi da fenti na koyi sana'ar, yanzu kuma ina haɗawa da kwamfuta. Ka ba ni fili in yi magana da 'yan'uwana masu buga fasta da allunan shaguna kan irin haruffan da muke zaɓa.

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello zai ga yadda siririn rubutu mai lanƙwashe-lanƙwashe ya cika alluna. A fuskar kwamfuta gwanin sha'awa ne. To amma ɗan kabu-kabun da ke gudu fa, ko dattijon da idonsa ya yi rauni? Ga ranar nan tamu mai cin fenti, ga ƙurar hunturu. Siririn layi shi ke fara dushewa, mai shago ya biya kuɗi amma ba wanda ya san me yake sayarwa.

Abin da ya dace da titi shi ne haruffa masu kauri, waɗanda ƙarshen kowace sanda ke da ƙafa mai faɗi, kaurinta kusan ɗaya da na jikin harafin. Dama don talla aka ƙirƙiro su. Wani maƙerin haruffa a Landan, Vincent Figgins, shi ya fito da su wajen 1815, lokacin da takardun talla suka cika bangaye, kowa na son a fara ganin tasa. A 1845 aka fitar da wani salon irinsu mai suna Clarendon, a 1934 kuma kamfanin Monotype ya fitar da Rockwell, wanda yake cikin kwamfutoci da yawa a shagunanmu, ba ma waiwayarsa. Ƙafar nan ita ke dasa harafi daram, ta riƙe layin, ido ya kama kalma daga nesa.

Sai dai suna da ƙa'ida. Ba a cika allo da su. Sunan shago da abin da ake sayarwa sun isa, lambar waya a ba ta wani rubutun mara nauyi. A kuma buɗa tsakanin haruffa kaɗan, don in ƙafafun suka haɗe, kalmar sai ta zama dunƙule guda. Ni baƙi a kan rawaya na fi yarda da shi.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne haruffanmu masu ƙugiya. Rockwell ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. In ka buga su, kwamfuta kan aro su daga wani salon, sai ka ga siririn harafi tsakiyar masu kauri, ko a jefar da ƙugiyar gaba ɗaya. Da buroshi ba mu taɓa samun wannan matsalar ba, hannu ke zana ƙugiyarsa da kaurin da ya dace. Akwai wani salon mai suna Charis SIL, kyauta ne kuma yana da su duka, amma don karatun littafi aka yi shi, ko mai kaurinsa bai kai na allon titi ba.

Shi ya sa nake roƙon matasanmu masu karatun zane da kwamfuta a jami'o'in Birnin Kebbi da Aliero su zana mana salo mai kauri da ƙugiyoyinsa cikakku, manya da ƙanana. Ku ma 'yan jarida kanun labaranku na buƙatarsa. In an yi, a allon shagona za a fara gwada shi.

Naka,
Mai rubutun allo, Birnin Kebbi