Kurciyar Dajin Morishus Ba Ta Tsira Ba Tukuna

Edita, salam. Don Allah a ba ni fili in yi magana kan kurciyar nan mai ruwan hoda ta tsibirin Morishus da ke Tekun Indiya, wadda babu ita a dajin ko'ina sai can. A wajen 1990 kusan guda 10 kacal suka rage a daji, an sare dazuzzuka, ga ɓeraye da maguna da birai da aka shigo da su suna cinye ƙwai da 'ya'yan. Aka dage ana kiwonsu a keji ana saki har suka kai ɗaruruwa, a 2018 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sassauta matsayinsu a jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa. Amma ni wallahi hankalina bai kwanta ba, kusan duk jini ɗaya ne, cuta ɗaya ta isa ta kwashe su.

Naku, mai karatu.