Rahoton Ayyukan Shekarar 2025 na Rukunin Addu'ar Shiru

'Yan'uwa cikin Almasihu, salama a gare ku.

Taron wata-wata ya gudana kamar yadda aka saba, zaman shirun da muka fara da minti 5 ya kai minti 15.

Babban abin godiya bana shi ne zagayen addu'a na Jumma'a Mai Kyau, 18 ga Afrilu, wato hanya mai lanƙwashe-lanƙwashe da ake zanawa a ƙasa, a bi ta zuwa tsakiya ana addu'a shiru. Ba mu ɗauki fasalin zanen da ke daɓen babban cocin Chartres na Faransa mai zagaye 11 ba, domin filin bayan cocinmu ba zai ɗauke shi ba. Mai zagaye 7 muka shata. Ana fara zana gicciye a tsakiya, a sa kusurwa ɗaya da ɗigo ɗaya a kowane lungunsa huɗu, sannan a haɗa bakunansu da layuka 8 masu lanƙwasa, daga kan gicciyen zuwa waje. Idan faɗin hanya santimita 60 ne, dukan zanen yakan ci kusan mita 9. Da turke da igiya aka auna, aka bi layin da farar ƙasa da aka dama da ruwa. Toka ko busasshen gari ba ya yi, ƙafafun mutum goma na farko za su share shi. Kuma da safiyar ranar ake shatawa, tunda a Afrilu ruwan Kumasi ba ya sallama.

Hanya ɗaya ce shiga da fita, don haka mai tsaron ƙofa yana barin tazarar minti ɗaya tsakanin masu shiga, in ba haka ba a cushe a lanƙwasa. Kyandirori an dasa su cikin kwalabe masu faɗin baki da yashi a gindi saboda iska. Iyayenmu da ba su iya doguwar tsayuwa an manna musu igiya a kan kwali da fasali iri ɗaya, suna bi da yatsa a zaune. Ba waƙa, ba wa'azi, sai karatun Romawa 8:26 kafin a fara. 'Yan'uwa daga unguwannin Aboabo da Asawase sun zo, har da waɗanda ba sa jin Hausa, kuma babu wanda ya nemi tafinta. Matasan da ake cewa ba sa iya zama wuri ɗaya su ne suka nemi a bar su su sake shiga. Allah ya saka wa matan zumunta da suka share filin tun asuba.

Addu'a da yumɓu bisa labarin maginin tukwane na Irmiya 18 kuwa ba ta yiwu ba, kuma ba sakacin kwamiti ba ne. An sayo yumɓun daga Pankrono, wurin maginan tukwane a Kumasi, a kan lokaci. Yumɓu yana son a tsince tsakuwa, a cuɗa shi sosai, a rufe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa ruwa. Waɗanda suka ɗaga hannu za su yi wannan aiki ba a ƙara ganinsu ba, hunturu ya shigo, ya bushe ya tsattsage. Zagayen tamfol da muka yi niyyar ɗinkawa don a daina sabon zane duk shekara shi ma ya tsaya, domin asusu ba zai iya biyan tamfol da fenti da tela ba.

Maganar kuɗin wata ta gajiyar da ni. Waɗanda suka biya cikakke ba su kai rabinmu ba. Addu'ar shiru ba ta buƙatar lasifika, gaskiya ne, amma kyandir da farar ƙasa da kuɗin mota ba kyauta ake ba mu ba. Wasu sunansu na cikin rukuninmu na WhatsApp, sai an sa hoto su turo "Amin", ranar aiki ko ƙeyarsu ba a gani. Wanda hali ya hana shi ya faɗa wa ma'aji a keɓe, babu mai tona masa asiri.

Sauran a biya bashin 2025 kafin ƙarshen Janairu, hannu da hannu ko ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya. Ana kuma neman mutum huɗu da za su jiƙa yumɓun nan su sake cuɗa shi kafin azumin Ista. Mai so ya ba da sunansa bayan sujadar Lahadi.

Sakataren rukuni