Wasiƙa zuwa ga ɗana game da takardun bizar iyalinsa

Ɗana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, ya aiki, ya sanyin can. Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ta ce in faɗa maka shirun ya fara yawa.

Na ji daɗin labarin da ka aiko, cewa hukumar shige da ficen Amurka, USCIS, ta amince da fom I-130 da ka shigar na neman a ba matarka izinin zuwa ta zauna tare da kai, har an tura fayil ɗin cibiyar biza ta ƙasar, wato NVC. Alhamdu lillahi. Na so in yi maka wannan magana a waya, amma na san halinka, "to Baba, to Baba" za ka yi ta cewa hankalinka yana wani wuri. Gara in rubuta, ka karanta a natse, in ka manta ka koma.

Shekaranjiya iyalinka ta kawo mini takardunta kamar yadda ka ce ta yi. Na baje su a kan tebur, na sa tabarau, na bi su layi-layi da rula, irin yadda na saba shekara talatin da ɗaya da na yi ina aikin rajista. Ban kai ga takarda ta uku ba na ajiye fensir. Sunan mahaifinta a fasfo Mohammed ne. A takardar haihuwa Muhammad. A takardar aure kuwa wanda ya cike ya gajarta abinsa, ya rubuta Muh'd. Sannan ranar haihuwa: fasfo da takardar haihuwa sun ce 3 ga wata, wata takardar makaranta ta ce 13. Ni da kai mun san mutum ɗaya ne, rana ɗaya ce. Jami'in da zai buɗe fayil ɗin bai san ta ba, bai san ka ba, bai je ɗaurin aure ba. Abin da ke gabansa shi ne abin da ya sani, kuma aikinsa shi ne ya tambayi duk inda takarda ta saɓa wa 'yar'uwarta.

Da na nuna mata, sai ta sunkuyar da kai, ta ce ai wani ya yi maka alkawarin zai gyara komai cikin kwana uku, zai fito da sabuwar takarda mai tsohon kwanan wata, har da hatimi. Wannan shi ne dalilin wasiƙar nan. Kada ka yarda. Ko sisi kada ka tura masa, in kuma ka riga ka tura, ka bar masa sadaka.

Saɓanin rubutu kuskure ne, kuma kuskure suna ganin irinsa kullum, musamman sunan da asalinsa ba da boko ake rubuta shi ba. Takardar jabu kuwa wani abu ne daban. Dokar shige da ficen Amurka, sashe na 212(a)(6)(C)(i), ta ce wanda ya nemi biza ta hanyar zamba, ko ya faɗi ƙarya da gangan a kan abin da ya shafi hukuncin, an haramta masa shiga har abada. Akwai ƙofar neman afuwa, amma sai ka tabbatar musu cewa rashinta zai jefa ka cikin matsanancin ƙunci, kuma ba kowa ke tsallakewa ba. Ka ga ke nan yarinyar da ta cancanci biza da gaskiyarta, sai a rufe mata ƙofa saboda takardar da ba ta ma da bukata. Shi mai gyaran ya karɓi kuɗinsa ya kashe waya, ita za a bari tsaye gaban taga. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Gyara na gaskiya a inda aka yi kuskuren ake yin sa. Fasfo shi ne ma'auni, don da sunan da ke cikinsa za a buga bizar. Takardar aure a koma wurin waɗanda suka bayar, su rubuta sunan cikakke, da kwanan watan ranar da aka gyara, ba a ɓoye komai ba. Inda gyara ya gagara, a yi rantsuwa a kotu cewa duk sunayen na mutum ɗaya ne, a haɗa da fayil ɗin. A fom ɗin neman bizar da ake cikewa ta intanet, DS-260, akwai gurbin da ake tambayar ko mutum ya taɓa amfani da wasu sunaye, to nan za ta zuba duk rubutun nan uku. Takardar makarantar kuwa ba ta cikin abin da suka nema, amma a gyara ta don gaba. Zai ɗauki makonni, na sani. Ni da kaina wata goma sha ɗaya fanshona ya yi a maƙale saboda wani akawu ya juya lambobi biyu a shekarar haihuwata tun ranar da aka ɗauke ni aiki. Ni da nake kama wa mutane kuskure ban taɓa duba nawa fayil ɗin ba. Tun ran gini ran zane.

Kafin a je neman kowace takarda, ka buɗe shafin ma'aikatar harkokin wajen Amurka inda suka jera ƙasashe ɗaya bayan ɗaya, suka faɗi wace hukuma ce suka yarda ta ba da takardar haihuwa, ta aure, ta saki da ta 'yan sanda a kowace ƙasa. Mutane da yawa takardarsu ta gaske ce, amma ba daga ofishin da aka amince da shi ta fito ba, sai a dawo da ita. Duk takardar da ba da Turanci take ba, kuma ba da harshen hukuma na ƙasar da za a yi ganawar ba, sai an fassara ta, mai fassarar ya sa hannu cewa ya san harsunan biyu kuma fassarar daidai take.

Maganar takardar 'yan sanda, a nan na ga kun yi sake. Kun nemi ta gida kaɗai. Ƙa'idar ita ce duk wanda ya kai shekara 16 zai kawo ta ƙasarsa, da ta ƙasar da yake zaune in ya yi wata shida a ciki, da ta duk wata ƙasa da ya zauna wata 12 ko fiye tun bayan cikarsa 16. Ita kuwa shekara uku ta yi tana karatu a waje. Wannan ita ce za ta fi cin lokaci, don haka da ita za a fara. Shekara biyu takardar take aiki a wurinsu, saboda haka ba asara in an karɓa da wuri.

Shi DS-260 ɗin, ku cike shi tare, kuna kan waya, da kwafin I-130 da I-130A, wato fom ɗin bayananta da ya raka shi, a gabanka. Za a tambaye ta duk inda ta zauna tun tana shekara 16, da ayyukan da ta yi, da sunayen da take amfani da su a Facebook da sauran shafukan sada zumunta cikin shekara biyar da suka wuce. Abin da kuka rubuta bara da abin da za ku rubuta bana su zama baki ɗaya. In a wancan an yi kuskure, a faɗi daidai a wannan, a shirya yin bayani. Da zarar an danna an tura, ba ta iya komawa ta canja da kanta, don haka ku kwana a kansa tukuna. Kuɗin bizar dala 325 ne, na takardar ɗaukar nauyi dala 120, duk ta shafinsu na biza a intanet, CEAC, ake biya. Ka sake duba adadin ranar da za ka biya, don suna canjawa.

Takardar ɗaukar nauyin nan, I-864, na karanta ta sau biyu, kuma ban ga alamar ka fahimci girmanta ba. Alkawari ne tsakaninka da gwamnatin Amurka wanda ake iya kai ka kotu a kansa. Sai abin da kake samu a shekara ya kai kashi 125 cikin ɗari na ma'aunin talaucin da suke fitarwa duk shekara, gwargwadon yawan mutanen da ke wuyanka, har da ita. Shaidar harajinka ta shekarar da ta gabata ita ce gaba da komai, ka nemo ta daga hukumar harajinsu, IRS, ka haɗa da takardun albashi na kwanan nan. Ka ce in naka bai kai ba abokinka zai tsaya maka. Allah ya saka masa da alheri, amma ka gaya masa gaskiya kafin ya sa hannu: nauyin ba ya sauka sai ta zama 'yar ƙasa, ko ta tara zango 40 na aiki, wajen shekara goma ke nan, ko ta bar ƙasar gaba ɗaya, ko rai ya yi halinsa. Ko aure ya mutu, Allah ya kiyaye, alkawarin yana nan. Ba a jan mutumin kirki cikin abu da rufa-rufa.

Akwai wani abu da na gani a dokarsu wanda bai taɓa zuwa mini a rai ba. Auren da aka ɗaura ango da amarya ba sa wuri ɗaya, ba sa ƙirga shi a maganar biza sai in ma'auratan sun haɗu sun tare bayan ɗaurin. Kai kuwa kana can aka ɗaura, sai bayan wata biyu ka zo. To zuwan nan naka na mako shida shi ne ginshiƙin fayil ɗin. Shafin fasfonka mai hatimin shiga da fita, tikitin jirgi, hotunan da kuka ɗauka tare da dangi, duk ka adana, ka aiko mata da kwafi. Mahaifiyarka ta ce a zuba hotuna ɗari biyu. Na ce a'a, ashirin masu kyau, daga lokuta daban-daban, an rubuta rana da wuri a bayan kowanne, sun fi buhu guda na rana ɗaya. Haka rasit ɗin kuɗin da kake turo mata da ɗan abin da ya samu na hirarku. Na san akwai kunya a ce baƙo ya karanta saƙon miji da mata. Ku zaɓi wanda za a iya nunawa.

Abin da aka ɗora a intanet hoto ne kawai. Ranar ganawa ainihin takardun za ta riƙa, kowace da kwafinta, da hotuna biyu masu inci biyu-biyu, da fasfon da zai yi sauran aƙalla wata shida bayan ranar da take sa ran shiga. Nata saura wata tara ya ƙare, don haka a sabunta shi yanzu, a kuma tsaya a kan mai bugawa kada ya ƙirƙiro mana rubutu na huɗu. Gwajin lafiya sai wurin likitan da ofishin jakadancin ya amince da shi, kuma sai an sa ranar ganawa, don yawanci wata shida yake aiki kuma wa'adin bizar yana bin sa. Ta nemo katin rigakafinta. In an ba ta ambulan a rufe, kada ta buɗe, kada kuma ƙannenka su buɗe don son gani.

A wurin ganawa kada ka haddace mata amsa. Wanda aka yi wa hadda ana ganewa. Ta faɗi abin da ta sani, abin da ta manta ta ce ta manta. In an miƙo mata takarda mai lamba 221(g), kada ta fito tana kuka. Ma'anarta akwai abin da ya rage ko ana ƙarin bincike, kuma tana da shekara guda ta kai abin da aka nema. Kada kuma ta ajiye aikinta ko ka sayi tikiti sai fasfo ya dawo hannu da biza a ciki.

Na yi wani ɗan lissafi. In aurenku bai cika shekara biyu ba ranar da ta taka ƙasar, katin zama na sharaɗi za a ba ta, mai shekara biyu, sannan ku shigar da fom I-751 na neman cire sharaɗin cikin kwana 90 na ƙarshe kafin ya ƙare. In ya cika, na shekara goma za ta samu kai tsaye. Ranar shiga ake dubawa. Yadda abin ke tafiya, ina ganin bizar za ta iya fitowa dab da cikar shekara biyun. In ya zama kwana goma ko mako biyu ne tsakani, kuma wa'adin bizar ya ba da dama, ku daure ku jira. Na san ba za ka so jin wannan ba.

Na sayo fayil mai aljihuna, na jera komai bi da bi, na liƙa takarda a bangonsa da abin da ya samu da abin da ya rage. Saura huɗu: takardar aure da za a gyara, rantsuwar kotu, ta 'yan sandan waje, da fasfo. Ranar Litinin in Allah ya kai mu zan raka ta wurin ta farkon. Kai kuma ka turo mini hoton wasiƙar NVC mai lambar fayil, shafin gaba ɗaya, ba rabi irin na wancan karon ba. Ka riƙa leƙa akwatin imel ɗinka har da inda saƙonnin banza ke faɗawa, don in shekara ta zagayo ba su ji daga gare ku ba suna iya rufe fayil ɗin.

Allah ya yi maka albarka, ya haɗa ku cikin alheri.

Mahaifinka.