Zuwa ga mutumina na Malesiya, kan kwamfutar Auta da ta ƙi tashi

Assalamu alaikum, mutumina.

Ya karatu, ya ruwan saman ƙasar mutane? Mu nan hunturu ya sauka, da safe hazo ke rufe gari har Dutsen Dala sai an ƙura ido. Hajiya na gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko a can ba a sayar da katin waya ne. Ni dai ban ce komai ba. Da ma maganar filin Dogo ce ta sa na ɗauki biro, akwai abin da nake so in ji daga bakinka, amma bari in fara ba ka labarin abin da ya hana ni barci kwanakin nan.

Auta ya gama bautar ƙasa, ya ce shi aikin bidiyon biki zai kama. Ya sayar da babur ɗinsa, Yaya Babba ya cika masa, aka sayo kaya ɗaya bayan ɗaya: furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar) Ryzen 5 5600, madabod (babban faifan da ake soka komai a jikinsa) mai B450, ram DDR4 guda biyu kowanne giga 8, fawa fak (mai raba wa kayan wuta) mai wat 550, da katin hoto na hannu. Ni aka naɗa injiniya, tunda kai da ka iya ka gudu ka bar mu. Na baje kayan a falo, na haɗa komai tsaf, Auta ya yi bisimilla ya danna maɓalli. Fankoki suka juya, fitilu suka kama, allo kuwa baƙi ƙirin. Aka jira, aka kashe, aka sake kunnawa, shiru. Da ka ga fuskar yaron nan da ka tausaya masa, babur ɗinsa kawai yake tunawa.

Sarkin Surutu na nan zaune yana cin gyaɗarmu. Nan take ya yanke hukunci cewa hannu aka sa wa yaron, a nemo tazargade a turara. Mutumin da har yau sai an buɗe masa WhatsApp! Af, ya ƙara aure fa, zan zo kan wannan.

Na fara daga abubuwan da ka koya min tun muna shagon nan na bayan makaranta. Wayar allo tana jikin katin hoto, don na san 5600 ba shi da nasa hoton a ciki, wanda ya soka a ramin madabod zai kwana yana kallon duhu. Babbar wayar wuta mai ƙafa 24 ta zauna har ta yi ƙas. Mai ƙafa 8 ta furosesa ma tana wurinta, kuma na tabbatar wadda ke rabuwa huɗu da huɗu ce, tunda mai rabuwa shida da biyu ta katin hoto ce, ga su kamar tagwaye a ido amma wayoyin cikinsu ba ɗaya ba. Na cire ram na mayar a rami na biyu da na huɗu daga gefen furosesa, na gwada kowanne shi kaɗai. Na zare ɗan batirin nan CR2032 na bar shi ya huta don madabod ta manta duk saitin da ke kanta. Babu abin da ya canja.

Daga nan na fitar da komai daga akwatin na ɗora a kan kwalin madabod, ko akwai wani kusa da ke taɓa bayanta yana haɗa wuta. Na tayar da ita da bakin sukudireba a kan ƙafafu biyun nan na maɓalli. Ka san halin hunturu, ko hannu ka ba mutum sai ka ji tas, shi ya sa kafin in taɓa komai sai na dafa ƙarfen fawa fak, na kuma kori Auta da rigar sanyinsa can gefe. Na ari mita wurin mai gyaran rediyon layinmu na auna: ruwan ɗorawa na ba da 12, ja na ba da 5, ruwan lemo 3.3, duk daidai. Na ciro furosesan ma na haska da fitilar waya ina bin ƙafafunsa layi layi. Ƙafa 1331 fa, mutumina, a idon da ya fara neman tabarau. Ko ɗaya bai lanƙwashe ba. Da zan cire fankar kansa sai da na murɗa ta a hankali hagu da dama, don na taɓa ganin yadda man nan da ake shafawa tsakaninsa da fanka ke riƙe furosesa ya fizgo shi daga soket da ƙarfi.

Abin da ya kama min hanya ƙananan fitilu huɗun nan ne da ke gefen madabod, masu rubutun CPU, DRAM, VGA da BOOT. Kullum a ta farko take tsayawa, ko motsi ba ta yi zuwa ta ram. Furosesa sabo ne dal, ƙafafunsa lafiya, wuta na isa gare shi, to me ya rage? Sai na zauna na yi lissafin shekaru. B450 ta fito tun 2018. Jerin Ryzen 5000 bai zo ba sai ƙarshen 2020, shi kansa 5600 ɗin a 2022 ya shigo kasuwa. Soket ɗinsu ɗaya, AM4, shi ya sa ya zauna daram, amma BIOS ɗin da ke kan madabod ɗin, wato manhajar da ke fara tayar da kwamfuta ta gane kayan cikinta, tsoho ne, bai san da zaman wannan furosesa a duniya ba. Na juya kwalin ko'ina, babu ɗan tambarin nan da ake liƙawa a kan waɗanda aka sabunta. Ashe ta daɗe tana shan ƙura a kan kanta.

Mai shagon da muka koma wurinsa ko a jikinsa. Wai kayansa lafiya lau, in muna so mu ƙara kuɗi ya ba mu madabod mai B550. Wannan ɗabi'a ce ke ba ni haushi, kwamfuta ta ƙi tashi sai a ce sayi wani, ba a tsaya an gano abin da ke damunta ba. Mutum sai ya sake kaya uku alhali babu wanda ya lalace.

Da ma madabod ɗin tana da maɓallin nan na baya da ke sabunta BIOS daga filash ko babu furosesa, da magana ta ƙare a daren. Ba ta da shi. Sai da na je na yi wa mai kafe ɗin nan, wanda kuke faɗan Arsenal da shi, daɗin baki ya ara min tsohon Ryzen 3 2200G daga wata kwamfutarsa da ke ajiye. Ina sa shi allo ya kawo haske. Auta ya yi kabbara har Hajiya ta leƙo ta ɗauka gobara ce. Na sauke sabon BIOS na ainihin samfurin madabod ɗin, na zuba a filash da aka share da tsarin FAT32. Amma ban yarda na yi aikin a gida ba. In aka ɗauke wuta ana tsakiyar rubutawa, madabod ta tashi daga aiki ke nan. Muka kinkimi kayan a kwali muka kai kyamis ɗin maƙwabcinmu mai sola da inbata, a kan teburin da yake ƙirga magani muka yi, masu sayen Panadol na kallonmu. Da ta gama na mayar da 5600, fitilun nan suka bi juna har ta huɗu suka mutu, tambari ya fito. Wallahi ko ranar da sakamakonmu ya fito ban ji daɗi haka ba.

Saura ƙiris: ram ɗin na gudu a 2133 alhali 3200 aka rubuta a jikinsa, sai da na shiga BIOS na kunna saitin saurinsa. Yanzu Auta ba ya ko fitowa cin abinci, har ya karɓi aikin kamu na farko.

In ka leƙa Low Yat, kasuwar kayan kwamfutar nan ta Kuala Lumpur, ka duba min kuɗin ma'ajiyar bayanai ta NVMe mai tera ɗaya, in da sauƙi ka ba duk mai tahowa. Ka haɗa da man furosesa ko guda biyu, wanda na saya a nan ban yarda da shi ba.

To maganar auren Sarkin Surutu. Amaryar 'yar Gwarzo ce, kuma an ce ta fi shi baki, tun ranar tarewa ba a sake jin muryarsa a majalisa ba. Uwargida ta tafi gidansu sau ɗaya an dawo da ita. Ya ce lallai ka aiko da gudummawarka ko da biki ya wuce, kuma a kuɗin can yake so.

Ka gaida mutanen ɗakinku, ka kuma kira Hajiya ranar Juma'a.

Naka,
Injiniyan dole