Masu Ciwon Suga, Ku Duba Dasashinku

Malam Edita, assalamu alaikum.

Ka ba ni fili in yi magana kan abin da na gani a gidanmu. Shekara bakwai mahaifiyata tana fama da ciwon suga. Kullum da asuba in ta yi asuwaki sai ta tofar da jini, mu kuwa muna cewa ƙarfin asuwakin ne. Sai da haƙoranta biyu na ƙasa suka fara girgiɗa, tana tauna tuwo da gefe guda, sannan muka kai ta wurin likitan haƙori.

A nan aka fahimtar da mu cewa ciwon suga da ciwon dasashi suna ciyar da juna. Idan suga ya yi yawa a jini, garkuwar jiki na yin rauni, yawu na raguwa, miki ba ya saurin warkewa, sai ƙwayoyin cuta su samu wurin zama a gindin haƙori. Shi kuma kumburin dasashin yana rage wa insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, ƙarfin aikinsa, sai suga ya ƙi sauka ko da ana shan magani. Bayan an kankare mata dattin da ya daskare, awon sugarta ya fara daidaita.

Abin da ke ci mini rai, duk shekarun nan muna zuwa asibiti, ana duba ƙafarta da idonta, ba wanda ya taɓa cewa, "Hajiya, buɗe bakinki." Ina roƙon ma'aikatan lafiya na Kaduna su ƙara wannan cikin dubawar da suke yi.

Mai karatunku,
daga Tudun Wada, Kaduna.