Zuwa ga ƙanena mai neman fassarar da ta fi daidai

Assalamu alaikum, ƙanena.

Ranar taron ɗalibai ka miƙe ka tambaye ni: littafinku na koyon Sinanci ya fassara "jī bù chī le" zuwa Ingilishi da ma'anar kazar ta daina cin abinci, manhajar wayarka kuma ta ce mutum ne ya daina cin kaza. Wa ya yi kuskure? Ko ɗaya.

Jimlar ce mai harshen damo, kuma tsohon misali ne a nahawun Sinanci. Masanin harshe Chao Yuen Ren, wanda ya yi rubutu kan irin wannan matsala tun 1959, yana cikin waɗanda suka yi amfani da shi. Basine yakan fara da abin da ake magana a kai, sannan ya faɗi labarinsa, ba lallai ya ambaci wanda ya aikata ba. Don haka kazar tana iya zama mai ci, tana iya zama abin ci. A gindin akurki ma'anar ɗaya ce, a kan faifan abinci wata ce dabam.

Ingilishi kuwa ba ya haƙuri da wannan. Dole ka faɗi wane ne, jiya ne ko yau, guda ne ko da yawa, alhali a Sinanci aikatau ba ya sauya siffa saboda lokaci, yawancin sunaye ma ba su da jam'i. Hatta wakilin suna "tā" a baki yana nufin "shi", yana kuma nufin "ita". Sai a rubuce suke rabuwa, harafin mace ma sai wajajen 1920 ya bazu. Mai fassara dole ya zaɓa, abin da yake ba ni haushi shi ne littattafan da ke ciro jimla tilo su ba ta amsa ɗaya, sannan a kayar da yaro a jarrabawa don ya kawo ɗayar.

Ka ma fi Bature sauƙi a wani wurin. "Jiè" na nufin karɓar aro da bayar da shi, Ingilishi na da kalma biyu, mu kuwa muna cewa na ari littafi, na ara masa littafi.

Saboda haka kada ka haddace Ingilishin. Duk jimlar da ta rikita ka, nemi wadda ta gabace ta. In babu, rubuta fassarorin biyu ka kai wa malaminku, ka tambaye shi a wane hali ake faɗin kowacce.

Ka gaida mutanen gida.

Yayanka